Waƙar ɗan ci-rani: yadda kiɗan kantiri ya kama Amurka daga 1940 zuwa 1970

A shekarar 1963 wani mawaƙi mai suna Bobby Bare ya fitar da waƙa mai suna "Detroit City". Labarin cikinta ba shi da tsawo. Wani mutum ne ya bar gonar auduga a kudancin Amurka, ya hau jirgin ƙasa na dakon kaya, ya nufi arewa, birnin Detroit, inda ake ƙera motoci. Da rana yana masana'anta, da dare yana zagayen mashaya. Wasiƙun da yake aikawa gida cike suke da labarin samu, har mutanen garinsu suka ɗauka ya zama wani abu. Shi kuwa abu ɗaya ke cin ransa: yana so ya koma gida. Duk wanda ya taɓa zaman ci-rani a Legas ko Kumasi, ko ya taɓa karanta wa wata tsohuwa wasiƙar ɗanta da ya daɗe a kurmi, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan mutumin.

Da wannan waƙar na fara saboda ita ce ta fi fito da abin da nake gani game da kiɗan da Amurkawa ke kira kantiri. Kalmar tana nufin karkara, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukarsa kiɗan manoma da makiyaya. Tushensa can yake, babu musu. Amma shekarun da ya yi tashe, ya zama kasuwa mai kawo miliyoyi, su ne daidai shekarun da karkarar Amurka take watsewa. A 1940 mutum wajen miliyan 30 ne ke zaune a gonaki, kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu na ƙasar. Zuwa 1970 ba su kai miliyan 10 ba. Tarakta da injin tsinkar auduga sun kori 'yan ƙodago daga gona, fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 sun kori mutanen Oklahoma da Teksas zuwa Kalifoniya, sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya buɗe masana'antu masu neman hannu ido rufe. Waɗannan mutane da suka baro gida su ne masu sayen faifan. A karon farko akwai albashi a aljihunsu, akwai kuma kewa a zuciyarsu. Kusan duk wani sauyi da sautin kantiri ya yi a waɗannan shekaru talatin, in ka bi sawunsa, za ka tarar ya biyo bayan inda wannan baƙon birni yake zaune lokacin da yake sauraro.

Kafin a kai can, an riga an share fage. A 1927 wani wakilin kamfanin Victor mai suna Ralph Peer ya kafa na'urar ɗaukar murya a garin Bristol, kan iyakar jihohin Tennessee da Virginia, ya yi shela a zo a yi waƙa. A nan ya samu Jimmie Rodgers, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da iyalan Carter, waɗanda daga baya aka ɗauke su iyayen wannan kiɗa. A Nashville kuma, babban birnin jihar Tennessee, wani kamfanin inshora ya buɗe gidan rediyon WSM a 1925, da shirin daren Asabar wanda ya zama Grand Ole Opry. Manufar kamfanin sayar da inshora ce ga talakawan kudu, kuma waƙa ce ke buɗe wa dillalansa ƙofar gida. Da aka ƙara wa tashar ƙarfi zuwa wat 50,000 a 1932, sai shirin ya riƙa isa jihohi da dama cikin dare. Duk da haka sunan da masana'antar ke kiran kiɗan da shi na raini ne, hilbili, wato kamar a ce baƙauyen kan tsauni. Sai a 1949 mujallar Billboard, mai fitar da jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa, ta koma kiransa da sunan kantiri.

Wani rikicin kuɗi ma ya taimaka. Ƙungiyar ASCAP, mai karɓar wa marubuta waƙa kasonsu daga gidajen rediyo, ba ta cika damuwa da mawaƙan kudu ba. Da ta nemi ƙarin kuɗi, gidajen rediyon suka kafa tasu, BMI, suka kuma ƙaurace wa waƙoƙin ASCAP mafi yawan shekarar 1941. Dole suka nemi abin cike gurbi, aka juya wajen waɗanda a da ba a kulawa. A 1942 mawaƙi Roy Acuff da marubuci Fred Rose suka buɗe kamfanin ɗab'in waƙa a Nashville. Daga nan ne waƙar da mutum ya tsara a bayan mota ta zama dukiya mai rajista, wadda ke kawo kuɗi duk lokacin da aka sa ta.

Wuri na farko da baƙon birni ya zauna ya saurara shi ne mashaya. A Teksas da Oklahoma, kusa da rijiyoyin mai da bakin manyan hanyoyi, akwai irin gidajen giya da rawa da ake kira honki-tonk. A kowanne akwai akwatin waƙa: ka jefa kwabo, ka danna lamba, faifai ya hau ya juya. Wuri ne na hayaniya, ga ƙarar kwalabe, ga gardama, wani lokaci ga dambe. Jita ta katako da siririyar muryar dutse ba sa ratsa wannan. Ana ba da labarin cewa masu akwatunan ne suka gaya wa mawaƙi Ernest Tubb cewa da zarar wuri ya cika ba a jin fayafayansa, shi ya sa ya sa jitar lantarki. Waƙarsa ta 1941, "Walking the Floor Over You", ita ce ta buɗe wannan hanya. Aka ƙara nauyin bugu don masu rawa, aka fito da jitar ƙarfe, wadda ake kwantarwa ana goga mata sandar ƙarfe ta riƙa fitar da sauti mai kama da kuka. Asalin wannan jitar daga tsibirin Hawaii ne, amma yau in mutum ya ji ta, kantiri ke faɗo masa a rai.

Abin da ya fi sautin sauyawa shi ne maganar da ake yi. Tsofaffin waƙoƙin suna zancen uwa, da coci, da kabarin masoyi, da haɗarin jirgin ƙasa. Na mashaya suna zancen mutuwar aure, cin amana, albashin da ya ƙare daren Juma'a, da mutumin da ya san abin da yake yi ba daidai ba ne amma ya kasa bari. Mutanen nan sun taso a gidajen da ake ɗaukar giya da rawa a matsayin zunubi, sai ga su a birni babu idon dangi a kansu. Shi ya sa waƙar shan giya ta kantiri ba kasafai take zama ta murna ba. Mai shan yana sha ne yana jin muryar mahaifiyarsa a kunne. Kuma dole a faɗi duk wannan cikin minti uku, don iyakar abin da gefe ɗaya na faifan garmaho ke ɗauka ke nan. Wannan ƙuncin ya koya wa marubutan tsimin magana: baiti biyu ko uku, amshi ɗaya, da jimla guda wadda za ta maƙale wa mai sauraro.

Babu wanda ya kai Hank Williams iya wannan. An haife shi a Alabama a 1923, cikin talauci, da lalurar ƙashin baya wadda ta bi shi har kabari. Wanda ya koya masa jita wani baƙar fata ne mai waƙa a bakin titi, Rufus Payne, kuma ana jin wannan koyarwar a yadda yake jan murya yana karya ta. Bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Fred Rose ne ya ɗauke shi, ya riƙa gyara masa baitoci, ya sama masa kwangila da kamfanin MGM. A 1949 "Lovesick Blues", wadda ma ba shi ya rubuta ta ba, ta kai shi dandalin Opry. Daga nan cikin shekara huɗu kacal ya zubo waƙoƙin da har yau ake maimaitawa: "I'm So Lonesome I Could Cry", "Cold, Cold Heart", "Jambalaya", "Your Cheatin' Heart". In ka duba kalmominsa, babu wadda ɗan firamare bai sani ba. Tsuntsun dare, kukan jirgin ƙasa daga nesa, wata da ya ɓuya bayan gajimare. Da waɗannan yake gina kaɗaici har ka ji shi a ƙirjinka. Mutumin da ya rubuta waƙoƙin mashaya shi ne kuma ya rubuta "I Saw the Light", waƙar tuba da ake rerawa a coci, kuma ban ga saɓani a nan ba, domin masu sauraronsa ma haka suke rayuwa, daren Asabar a wani wuri, safiyar Lahadi a wani.

A 1951 Tony Bennett, mawaƙin birni ɗan New York, ya sake rera "Cold, Cold Heart" da tarin gogen Turawa a bayansa, ta hau saman jadawalin ƙasa baki ɗaya. Wannan ya nuna wa 'yan kasuwar Nashville abin da ba su manta ba: waƙar baƙauye tana iya shiga falon mai kuɗi in aka sauya mata riga. Shi kuwa Hank, ciwon baya da giya da ƙwayoyin kashe zafi suka ci ƙarfinsa. A 1952 aurensa ya mutu, Opry ta sallame shi saboda rashin zuwa aiki da maye. Ranar 1 ga Janairun 1953 aka tarar da shi ya rasu a kujerar bayan motarsa, ana kan hanyar kai shi wasa a garin Canton na jihar Ohio. Shekararsa 29.

Cikin waɗannan waƙoƙi na mashaya, kusan kullum mace ce mai laifi. Ita ta tafi, ita ta ci amana, ita ta zaɓi fitilun dare a kan ɗakin aure. A 1952 Hank Thompson ya yi wata mai suna "The Wild Side of Life" a kan wannan turba, ta shafe mako 15 a saman jadawalin kantiri. Sai martani ya zo daga inda ba a zata ba. Kitty Wells matar aure ce mai 'ya'ya uku, mai shigar mutunci, wadda har ta fara tunanin barin waƙa don ba ta samu karɓuwa ba. Ta yarda ta shiga situdiyo ne saboda ladan zaman, dala 125. Waƙar da ta rera, "It Wasn't God Who Made Honky Tonk Angels", a kan karin waƙar Thompson ɗin aka ɗora ta, kuma abin da take cewa a fili yake: ba Allah ne ya halicci matan mashaya a haka ba, mazan aure masu yin kamar ba su da aure su ne suka jefa mata da yawa a wannan hali. Wasu gidajen rediyo suka ƙi sa ta. Duk da haka ta zama mace ta farko da ta hau saman jadawalin ita kaɗai. Namiji ne ya rubuta waƙar, J. D. Miller, amma da bakin mace ta fito, kuma mata ne suka fita suka saya. Wani abin sha'awa, karin nan ya girmi su biyun. Iyalan Carter sun yi waƙar soyayya da shi, Roy Acuff ya yi waƙar addini da shi. Kari ɗaya ya ɗauki bege, ya ɗauki wa'azi, ya ɗauki zargi, ya kuma ɗauki amsar zargin. Wanda ya saba da yadda mawaƙanmu ke ɗora sabon zance a kan tsohon kari ba zai yi mamaki ba.

Ba soyayya kaɗai ake waƙa ba. "Sixteen Tons", wadda Merle Travis, ɗan mai haƙar kwal daga Kentucky, ya rubuta, tana bayanin tsarin da kamfani ke biyan lebura da takardar da ba ta aiki sai a kantin kamfanin, ya ci bashi a can, ya wayi gari kullum yana aiki bashin yana ƙaruwa. Da Tennessee Ernie Ford ya rera ta a 1955, da ƙatuwar muryarsa da ƙyasta yatsu, sai ta mamaye jadawalin kantiri da na ƙasa gaba ɗaya. A lokacin Amurka na cikin yalwa, mutane na sayen gida da mota da firiji, amma da yawa bashi ne ake biya wata-wata. Ina ganin shi ya sa ma'aikacin ofis da bai taɓa shiga ramin kwal ba ya ji waƙar tana magana da shi.

Sai girgiza ta zo. A 1954 wani saurayi direban babbar mota a Memphis, Elvis Presley, ya yi faifai a ƙaramin kamfanin Sun. Gefe ɗaya waƙar baƙaƙen fata ce, ɗaya gefen kuma waƙar kantiri ce, "Blue Moon of Kentucky" ta Bill Monroe, wadda ya ƙara wa sauri. Ya hau dandalin Opry sau ɗaya, ba a sake gayyatarsa ba. Shekara biyu bayan haka, a Nashville ɗin dai ya ɗauki "Heartbreak Hotel" wa kamfanin RCA, ta hau saman jadawalin kantiri da na ƙasa. 'Ya'yan 'yan ci-rani, waɗanda aka haifa ko suka girma a birni, sun samu nasu kiɗan. Ba su da gonar da za su yi kewa, kuma goge da jitar ƙarfe suna tuna musu da abin da 'yan ajinsu ke yi musu dariya a kai. Cinikin tsofaffin taurari ya faɗi, gidajen rediyo suka yi ta juya baya. A 1961, tashoshin da ke sa kantiri zalla a duk faɗin Amurka 81 ne kawai.

Nashville ta amsa ta hanya biyu. Ta kafa ƙungiya a 1958, Country Music Association, don ta shawo kan masu talla cewa mai sauraron kantiri yana da kuɗin sayen kaya. Sannan ta sauya sautin. Furodusoshi biyu ne a gaba: Chet Atkins na RCA da Owen Bradley na Decca. Suka cire gogen ƙauye mai kaifi, suka rage jitar ƙarfe, suka kawo fiyano mai laushi, da gogen Turawa masu yawa, da 'yan amshi masu daidaitacciyar murya irin su Jordanaires da ƙungiyar Anita Kerr. Makaɗa ƙalilan ne ke buga wa kusan kowa. Zama ɗaya awa uku ne, a fitar da waƙa huɗu, ba tare da rubutaccen kiɗa ba, sai lambobi da suke yi wa juna a takarda. Aiki ne mai sauri da araha, shi ya sa kamfanonin New York suka riƙa turo aiki kudu. Ana cewa an taɓa tambayar Atkins mene ne wannan sauti na Nashville, sai ya sa hannu a aljihu ya kaɗa sulalla.

Waƙar da ta fi nuna wannan sauyi ita ce "He'll Have to Go" ta Jim Reeves, wadda ta fito ƙarshen 1959. Mutumin cikin waƙar har yanzu a mashaya yake, yana buga wa mace waya alhali wani namiji na tare da ita. Amma abin da yake nema shi ne a rage ƙarar akwatin waƙa don su ji juna. Ernest Tubb ya ƙara ƙara don ya rinjayi mashaya, Reeves kuma ya sa an rage. Yana matsowa dab da makirufo ya yi ƙasa da murya kamar mai raɗa. Wannan waƙa ce ta mutumin da ya bar ɗakin haya ya sayi gida a bayan gari, yana sauraro a falo ko a rediyon mota, kuma ba ya son maƙwabci ya ji ya ce ga baƙauye. Ta yi mako 14 a saman jadawalin kantiri, ta kai ta biyu a na ƙasa.

Masu kishin tsohon salo sun ce an sayar da gado, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Fayafayai da yawa na wannan zamani sun yi laushi har sun rasa ɗanɗano, kamar miyar da aka cika wa ruwa don ta ishi baƙi. Amma ba zan yarda a yi musu kuɗin goro ba, saboda Patsy Cline. Ita kanta da farko ba ta son salon, ta fi son kayan kaboyi da waƙa mai ƙarfi, sai da Owen Bradley ya yi ta fama da ita. Abin da ya fito daga wannan ja-in-ja, "I Fall to Pieces" da "Crazy" a 1961, yana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa ɗauka a Nashville. Ta rera "Crazy", wadda wani matashin marubuci mai suna Willie Nelson ya tsara, ba da daɗewa ba bayan haɗarin mota da ya kusa kashe ta. Laushin kiɗan bai rufe ciwon da ke muryarta ba, sai ma ya ba shi fili. Ta rasu a haɗarin ƙaramin jirgin sama ranar 5 ga Maris 1963 tana da shekara 30. Jim Reeves ma jirgi ne ya yi ajalinsa, ranar 31 ga Yulin 1964, kusa da Nashville.

Wannan laushin ne kuma ya fitar da kantiri waje. Turancin Reeves a hankali yake fita, kowace kalma daram, wanda ya koyi harshen a makaranta yana iya binsa. Ya je Afirka ta Kudu a 1962, daga baya har ya yi fim a can. Bayan rasuwarsa "Distant Drums" ta hau saman jadawalin Ingila a 1966. A Indiya da Sri Lanka da Kenya da Nijeriya sunansa ya zauna daram, kuma a nan gida akwai dattawan da suka taso da fayafayansa, musamman waƙoƙinsa na addini a gidajen Kirista. Mutane da yawa a nahiyarmu ta bakinsa suka fara jin wannan kiɗa, kafin zuwan su Don Williams.

Zancen kundin waƙoƙi, wato albam, daban yake, kuma ya zo a makare. Kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai dogon zango a 1948, RCA kuma ta fito da ƙarami mai waƙa ɗaya a kowane gefe a 1949. Kantiri ya rungumi ƙaramin, domin shi ne abincin akwatin waƙa da rediyo, shi ne kuma daidai aljihun lebura. Shekaru da dama albam ɗin kantiri ba komai ba ne illa waƙa ɗaya ko biyu da suka yi tashe, a cike sauran da abin da ya samu. Billboard ma ba ta buɗe jadawalin albam na kantiri ba sai Janairun 1964, kuma wanda ya fara hawa samansa tarin tsofaffin waƙoƙin Johnny Cash ne. Saboda haka 'yan kaɗan ɗin da aka gina su da manufa guda sun fita daban.

Na farko da ya kamata a ambata shi ne Gunfighter Ballads and Trail Songs na Marty Robbins, 1959, wanda aka ɗauke shi cikin yini ɗaya. Duk labaran kaboyi ne, na yammacin Amurka da fim da talabijin suka ƙawata. A ciki akwai "El Paso", labarin makiyayin da ya kamu da son wata mai rawa 'yar Meziko, ya kashe abokin takararsa, ya gudu, so ya dawo da shi, aka harbe shi ya mutu a hannunta. Tsawonta ya haura minti huɗu da rabi, abin da ake ganin rediyo ba zai ɗauka ba. Kamfanin ya fitar da gajeriya tare da cikakkiyar, masu gabatar da shiri suka zaɓi cikakkiyar, ta hau saman jadawalin ƙasa a farkon 1960. Ga mutumin da ke tsaye awa takwas gaban injin masana'anta, labarin mai doki da fili ba iyaka wata irin kewa ce, ta gidan da bai taɓa zama a ciki ba.

Johnny Cash ne ya fi kowa ɗaukar albam da muhimmanci. A 1964 ya yi Bitter Tears, gaba ɗayansa a kan zaluncin da aka yi wa 'yan asalin ƙasar, Indiyawan daji kamar yadda muka saba kiransu. A ciki akwai labarin Ira Hayes, sojan ƙabilar Pima da ke cikin waɗanda suka kafa tutar Amurka a tsibirin Iwo Jima lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo gida ya mutu cikin talauci da shaye-shaye. Da gidajen rediyo suka yi sanyin jiki wajen sa waƙar, Cash ya sayi shafi guda a Billboard ya caccake su. Ranar 13 ga Janairun 1968 kuma ya shiga kurkukun Folsom a Kalifoniya da makaɗansa, ya yi wasa gaban fursunoni aka ɗauka kai tsaye. Ana jin ihunsu, ana jin sanarwar masu gadi suna kiran lambar fursuna, ya kuma rufe da waƙar da wani ɗan gidan ya rubuta. Shi kansa Cash bai taɓa zaman kaso na hukunci ba, iyakarsa kwanan ofishin 'yan sanda, amma ya san cewa a cikin masu sayen faifansa akwai waɗanda ɗansu ko ƙanensu ke ciki.

Ɗaya daga irin waɗannan fursunoni, wanda ya kalli Cash a kurkukun San Quentin shekaru kafin haka, shi ne Merle Haggard. Iyayensa 'yan Oklahoma ne da suka yi hijira zuwa Kalifoniya, aka haife shi a 1937, ya taso a tsohon taragon jirgin ƙasa da aka mayar gida, kusa da Bakersfield. A wannan gari na rijiyoyin mai da gonakin haya, shi da Buck Owens suka ƙi laushin Nashville, suka riƙe jitar lantarki mai kaifi da ganga, don masu sauraronsu har lokacin a mashaya suke. A gefen mata kuma Loretta Lynn, 'yar mai haƙar kwal daga Kentucky, wadda aka aurar tana ƙarama ta bi miji can jihar Washington, ta ɗora daga inda Kitty Wells ta tsaya. Bambancin shi ne ita da hannunta take rubutawa, kuma "Don't Come Home A-Drinkin'" gargaɗi ne kai tsaye ga mijin da ke dawowa gida a buge.

Akwai albam ɗin da na ajiye don ƙarshe, saboda yana taɓo abin da masana'antar ta daɗe tana rufewa. A 1962 Ray Charles, makahon mawaƙi baƙar fata wanda ya riga ya yi suna a kiɗan mutanensa, ya fitar da Modern Sounds in Country and Western Music. Waƙoƙin Hank Williams da Don Gibson da sauransu ya ɗauka ya rera da salonsa. Kamfaninsa ya ji tsoron zai rasa masoyansa. Albam ɗin ya yi mako 14 a saman jadawalin ƙasa, "I Can't Stop Loving You" ta zagaya duniya, amma gidajen rediyon kantiri ba su rungume shi ba. Shi kuwa bai ɗauki kansa baƙo a wannan kiɗa ba, don yana yaro a Florida yana sauraron Opry a rediyo kamar kowane ɗan kudu. Kamfanonin faifai ne tun shekarun 1920 suka raba kasuwa biyu, wannan na baƙaƙe, wancan na fararen ƙauye, alhali a gona da bakin titi kiɗan a cakuɗe yake. Banjo, wadda ake ɗauka tambarin farar karkara, bayi ne daga Afirka ta Yamma suka ƙirƙiro ta daga kayan kiɗan da suka baro, dangin gurmi da molo. Jimmie Rodgers ya yi faifai da Louis Armstrong a 1930. Ɗaya daga taurarin farko na Opry, DeFord Bailey, baƙar fata ne, kuma an sallame shi a 1941, ya koma sana'ar goge takalma a Nashville.

Baƙaƙen kudu ma sun yi irin wannan ƙaura, daga gonakin audugar nan zuwa biranen nan, galibi cikin wahalar da ta fi ta fararen. Charley Pride ɗan mai noman haya ne daga garin Sledge a Mississippi, ya tsinci auduga yana yaro, ya yi ƙwallon besbol, ya yi aiki a masana'antar narka ƙarfe a Montana. Chet Atkins ya ɗauke shi a RCA, aka aika fayafayansa na farko gidajen rediyo a 1966 ba tare da hotonsa ba, aka bar muryar ta yi aiki. A shekarar ne aka kai shi babban wasa a Detroit, gaban dubban mutane, da yawansu irin mutumin cikin waƙar Bobby Bare. Sun san muryar daga rediyo, da aka kira sunansa suka ɓarke da tafi. Da ya fito cikin haske suka gan shi, tafin ya mutu. Ya yi musu 'yar magana a kan launin fatarsa, ya ce ga waƙa ya zo yi musu, ya fara rerawa, suka zauna suka saurara har ya gama. A 1971 ƙungiyar Country Music Association ta ba shi babbar kyautarta ta gwarzon shekara.